Allurar Ƙwayoyin Tushe da Ciwon Gwiwa: Tarihin Neman Gyaran Guringuntsi

Mai karatu, idan a gidanku akwai dattijo ko dattijuwa da ciwon gwiwa ya mayar da su yin salla a zaune, da wuya a ce ba a taɓa kawo muku labarin wata allura da ake cewa tana mayar da tsohuwar gwiwa sabuwa ba. Wani a Facebook ya gani, wani a WhatsApp aka turo masa, wani kuma ɗan'uwa ne ya dawo daga ƙasar waje da labarin. Masu talla suna kiran ta sitem sel, mu kuma a nan za mu kira ta allurar ƙwayoyin tushe. Wayar hannu ta sa tallar da aka shirya a Indiya ko Dubai da safe tana iya isa Dagumawa, a Ƙaramar Hukumar Wudil, kafin la'asar. Kuɗin da ake nema kuwa sukan kai a kora sa zuwa Karar Wudil ranar Juma'a, ko a jinginar da gonar gado. Kafin iyali su yanke irin wannan shawara, ya kamata su san daga ina maganar ta taso, wa ya gwada, a kan wa aka gwada, kuma me aka gani.

Abin da ya sa guringuntsi ba ya tofowa

Duk wanda ya taɓa cin ƙafar sa ya san farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi a wurin gaɓa. Shi ne guringuntsi. A gwiwar mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma shi ke hana ƙashin cinya da na ƙwauri gugar juna, shi ke ɗaukar nauyin jiki a kowane taku. Abin da ya bambanta shi da fata da nama da ƙashi shi ne babu jijiyoyin jini a cikinsa. Daga ruwan gaɓa yake tsotsar abincinsa, kamar yadda soso ke shan ruwa idan an matsa shi an saki. Ƙwayoyin halittar da ke cikinsa kaɗan ne, kuma kowace tana kulle a wurinta, ba ta iya tasowa ta je inda rauni yake.

Jini ne ke kai masu gyara wurin da ya lalace. Shi ya sa ƙashi ke haɗewa bayan karaya, kuma a nan sana'ar ɗori ta sami gindin zama a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni: mai ɗori ya daidaita ƙashi, ya ɗaure da karare, jiki ya yi sauran aikin. Amma ciwon da muke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai bai taɓa jin ɗori ba. An yi ƙaho, an yi tsaga, an yi gashi da ruwan zafi, an sha saiwoyi. Raɗaɗi yakan lafa, guringuntsin da ya zaizaye kuwa yana nan yadda yake. Likitocin Turai ma a nan suka tsaya. A 1743 wani likita ɗan Sikotilan mazaunin Landan, William Hunter, ya gabatar da rubutu a kan guringuntsin gaɓɓai, inda ya bayyana cewa tun zamanin likitocin farko an san idan ya lalace ba ya komawa. Fiye da shekara ɗari biyu babu wanda ya kawo abin da ya rushe wannan magana.

Shekarar 1959: Dala da Biristol

A 1959 aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, daga baya dokar 1979 ta haɗa shi da na Igbobi a Legas da na Inugu a ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya. Tun daga lokacin, mutumin ƙasar Wudil da ƙashi ko gaɓa ya dama yana da inda zai dosa, tafiyar kimanin kilomita arba'in.

A wannan shekarar ce kuma wani likitan ƙashi a birnin Biristol na Ingila, Kenneth Pridie, ya bayyana wata dabara. Tunda rashin jini ne matsalar, sai ya riƙa huda ƙananan ramuka a ƙashin da ke ƙarƙashin wurin da guringuntsi ya cinye, domin jini da ɓargo su ɓulɓulo su cike gurbin. A shekarun 1980 wani likitan Amurka, Richard Steadman, ya gyara dabarar, ya mayar da ita aikin da ake yi ta ƙaramar kafa da na'urar leƙa gaɓa. Gurbin yakan cika, amma abin da ke cika shi ɗan'uwan tabo ne, ba shi da santsi da juriyar na asali. Kamar yaɓen laka ne a bangon siminti: yana rufe rami, bayan 'yan shekaru ya soma zubewa, musamman idan ramin babba ne ko mai shi ya manyanta. Duk da haka aikin Pridie ya bar wata tambaya: mene ne a cikin ɓargo da ke iya yin wannan yaɓe?

Shuka guringuntsi a ɗakin gwaji

Kafin a amsa wannan tambaya, wasu likitoci a birnin Gotenbag na Suwidin sun bi wata hanya. A 1987 Lars Peterson da abokan aikinsa suka yi wa mutum na farko aiki mai hawa biyu. Da farko a yanko ɗan guringuntsi daga gefen gwiwa inda nauyi ba ya sauka, a kai ɗakin gwaji, a raini ƙwayoyinsa na mako biyu zuwa uku har su ninka. Sannan a sake buɗe gwiwar, a zuba su a ramin, a rufe da wata 'yar fata da aka ɓanɓaro daga jikin ƙashin ƙwauri. A 1994 Mats Brittberg da Peterson suka wallafa sakamakon mutum 23. Cikin 16 da raunin nasu yake a kan ƙashin cinya, 14 sun sami sauƙi mai kyau bayan shekara biyu. Cikin 7 da nasu yake a ƙoƙon gwiwa, 2 kacal.

Ka lura da waɗanda aka yi wa aikin: shekarunsu tsakanin 14 ne da 48, kuma kowanne rami ɗaya gare shi a gwiwar da sauran jikinta lafiyayye ne, irin raunin da ɗan ƙwallo ko wanda ya faɗo daga babur ke samu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan aiki a 1997, ta amince da sabon salonsa a 2016. A 2017 hukumar da ke tantance magunguna a Ingila ta yarda a riƙa yin sa, bisa sharaɗin ramin ya wuce faɗin santimita 2 murabba'i kuma amosani bai ci gaɓar ba. Wato har yau wannan aiki na mai rami ne. Tsohon da gwiwarsa ta zaizaye ko'ina ba ya cikin lissafi, domin faci sai da lafiyayyen gefen da zai kama.

Shigowar ƙwayoyin tushe

Jikin mutum gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da sana'arta. Ƙwayar tushe ita ce wadda ba ta kama sana'a ba tukuna: tana iya haifar irinta, tana kuma iya rikiɗa ta zama wata. A 1961 James Till da Ernest McCulloch a Toronto ta Kanada suka tabbatar da akwai irin waɗannan a ɓargo, masu haifar da jini. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970 Alexander Friedenstein a Mosko ya gano wasu na daban a ɓargon, waɗanda ba jini suke yi ba, ƙashi da danginsa suke yi. Su ne amsar tambayar da aikin Pridie ya bari. A 1991 Arnold Caplan na Amurka ya raɗa musu sunan da ya shahara, ya kuma yaɗa fatan cewa wata rana za a gyara ƙashi da guringuntsi da su. A faranti a ɗakin gwaji kuwa, lallai ana iya sa su zama guringuntsi.

A 2002 Shigeyuki Wakitani na Japan ya wallafa gwajin mutum 24 masu amosanin gwiwa da aka yi wa aikin miƙar da ƙafa. An dasa wa 12 ƙwayoyin ɓargonsu, aka bar 12. Da aka sake leƙawa, gurbin waɗanda aka dasa wa ya fi kyan gani, amma a ciwo da tafiya babu wani bambancin a zo a gani tsakanin ɓangarorin biyu. A 2012 Koriya ta Kudu ta ba da lasisi ga Cartistem, wanda ake haɗawa da ƙwayoyin jinin cibiyar jarirai. Shi ma ta hanyar tiyata ake dasa shi a cikin ramin.

Daga nan kasuwa ta riga ilimi. Rainon ƙwayoyi yana buƙatar ɗakin gwaji mai tsada da makonni, sai asibitocin kuɗi a ƙasashe da dama suka ɗauki gajeriyar hanya: a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu ko kitse daga ciki, a juya a na'ura na ɗan lokaci, a tsira a gwiwa a ranar. Ainihin ƙwayoyin tushe da ke cikin irin wannan ruwa 'yan kaɗan ne ƙwarai, amma sunan ya riga ya yi farin jini.

Dashen ɓargo na masu sikila daban ne

Wataƙila ka ji cewa an yi nasarar wannan magani a Nijeriya. Gaskiya ne, amma a wata cuta. A 2011 likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin jagorancin Dakta Nosakhare Bazuaye, suka yi dashen ɓargo na farko a ƙasar nan ga wani yaro mai sikila, da ɓargon ɗan'uwansa. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa shirin. Wannan magani tabbatacce ne, tarihinsa ya faro tun 1957 da aikin Donnall Thomas, wanda ya sami kyautar Nobel a 1990. Ƙwayoyin jini ne ake dasawa, suna bin jini su koma ɓargo, gidansu na asali, su ci gaba da aikin da suka saba. Allurar gwiwa kuwa wasu ƙwayoyi ne daban ake zubawa a cikin gaɓa mai kumburi, inda babu jinin da zai ciyar da su, kuma nauyin jiki na niƙa su a kowane taku. Duk mai tallar da ya jingina allurarsa da nasarar masu sikila ya ari rigar da ba tasa ba.

Abin da gwaji ya nuna

A 2017 Caplan da kansa ya nemi a sauya sunan da ya raɗa. Dalilinsa shi ne ƙwayoyin nan, idan an sa su a jikin mutum, ba sa rikiɗa su zama sabon nama. Abin da suke yi shi ne fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi, sunan kuma ya zama jarin masu yaudarar marasa lafiya. A 2019 ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta, ta ce kada a yi wa masu amosanin gwiwa ko ƙugu wannan allura, saboda rashin hujja da rashin daidaito a abin da ake haɗawa.

A 2023 aka wallafa wani babban gwaji da Jami'ar Emory ta jagoranta a Amurka, mai mutum 480. An gwada ƙwayoyin ɓargo, da na kitse, da na cibiya, aka auna su da allurar sitiroyid da likitoci suka daɗe suna yi. Bayan wata 12, babu ko ɗaya cikin ukun da ta fi tsohuwar allurar rage ciwo, hoton gaɓar ma bai nuna sabon guringuntsi ba. A 2025 masu bitar bincike na Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 25 masu mutum 1,341. Sun ce mai yiwuwa allurar tana ɗan rage ciwo, amma hujjar mai rauni ce, kuma ba su ga abin da ke nuna tana tsayar da zaizayewar gaɓa ba.

Akwai kuma haɗari. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 a jihohi uku da aka kwantar a asibiti bayan an yi musu allurar wani haɗin jinin cibiya da ya gurɓata, yawancinsu a gaɓa ko gadon baya. Idan ƙwayar cuta ta shiga gwiwa, cikin 'yan kwanaki tana iya cinye guringuntsin da ya rage.

Sai kuma garin da ake sayarwa a 'yan ƙananan leda, wanda ake cewa ƙwayoyin tushe ne na tuffa ko inabi, a zuba a ƙarƙashin harshe. Ƙwayar tsiro ba ta zama ƙwayar mutum. Abin da aka busar aka niƙa ba shi da rai, kuma duk abin da ya shiga ciki narkewa yake yi kamar tuwo. Lambar NAFDAC a jikin kayan ƙarin abinci ba shaida ba ce cewa suna warkar da wata cuta.

Abin da ke hannunka yau

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke da amosanin gaɓɓai, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. Saboda yawan masu ciwon, an yi bincike mai yawa a kan abin da ke taimaka musu, kuma mafi yawansa yana samuwa a kusa.

Mataki na farko shi ne sanin sunan ciwon. Ba kowane ciwon gwiwa ne zaizayewa ba. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaga, kada a yi sakiya. Tarin fuka yana kama gaɓa. Mai sikila ko yaro da ke kukan gwiwa, wani lokaci a ƙugu matsalar take. Daga Dagumawa a fara da Babban Asibitin Wudil, idan da buƙata a karɓi takardar turawa zuwa Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a yi hoton ƙashi a tsaye domin a ga yadda gaɓar take idan ta ɗauki nauyi.

Idan amosani ne, babban magani shi ne ƙarfafa naman cinya da motsa gaɓar kullum, kuma ma'aikatan sashen gashin ƙashi suna koyar da atisayen da za a iya yi a kan tabarma. Kwanciya tana ƙara sandarar da gwiwa, tunda da motsi guringuntsi ke samun abinci. Ga mai ƙiba, wani bincike na 2005 ya nuna kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. A riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo. A sa kujera mai rami a kan masai domin a huta da tsuguno, a ɗaga wurin girki da wanki, a rage ɗaukar kaya a ka. Maganin shafawa ya fi sauƙin illa a kan na sha. Ku yi hattara da haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna, domin yawan shan magungunan kashe ciwo yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, sitiroyid na sha kuma yana ta da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi.

Idan ƙafa ta lanƙwashe kuma gefe ɗaya ne ya cinye, akwai aikin miƙar da ƙashi. Idan gaɓar ta ƙare, ciwo ya hana barci, akwai sauya gwiwa da ta ƙarfe da roba, aikin da ya kankama tun shekarun 1970, wanda ake yi a Dala. Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya nuna kimanin 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25. Aikin yana da tsada, kuma mai shi ba lallai ya koma zaman tahiya a ƙasa ba, amma an san abin da yake bayarwa. Iyalin da suka ƙarar da dukiyarsu a allura sukan rasa abin yin wannan aiki ranar da ya zama dole.

Idan duk da haka an yi muku tayin allurar, ku yi tambaya kafin ku biya, don kada a yi cinikin biri a sama. Wane ne zai yi, kuma likitan ƙashi ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa? Me za a zuba, daga jikin wa aka samo shi, wace hukuma ta amince da shi domin gwiwa? Idan gwaji ne, ina takardar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma me ya sa ake cajin wanda ake gwaji a kansa? Idan gwiwa ta kumbura bayan an dawo gida, wa za a nema? Wanda ya ce maganinsa ɗaya yana warkar da gwiwa da suga da shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa, ya riga ya ba ku amsa.

Bincike bai tsaya ba. Tun da Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 da 2007 cewa ana iya mayar da ƙwayar fata ta koma ta tushe, masana ke ƙoƙarin gina guringuntsi na gaske daga irin waɗannan ƙwayoyi, kuma mai yiwuwa jikokinmu su ci moriyarsa. Ranar da abin ya tabbata, likitocin ƙashi na Dala za su faɗa muku a ɗakin duba marasa lafiya, da sunan maganin da adadin waɗanda aka gwada a kansu. Kafin wannan rana, ku kai tsohonku a duba shi, ku taya shi atisaye safe da yamma, ku bar san a turkensa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.